Yadda Ake Bin Sawun Yeti da Bigfoot Daga Nan Sakkwato

Ranar wata Alhamis bayan sallar Magariba ina zaune a ƙofar gida a Mabera, ana jiran a kawo wuta, sai ɗan ƙanwata ya zo ya durƙusa gefen tabarma ya miƙo mini waya. Ya ce, "Kawu, duba wanga abu. An ce cikin dajin Amurka anka gan shi. Gaskiya ta?"

Bidiyo ne na wani abu baƙi, gashi buzu-buzu tun daga kai har ƙafa, yana tafiya a miƙe kamar mutum a bakin wani rafi. Ya ɗan waiwayo, ya wuce cikin itatuwa. An ɗora masa murya da Hausa, mai maganar yana rantsuwa cewa makon jiya aka ɗauka. Na san hoton nan, ya girmi uban yaron. Amma ban ce masa ƙarya ne ba, ban kuma ce gaskiya ne ba. Na ce ya je ya ci tuwo ya dawo mu bi sawu.

Ni malamin ilimin halittu ne a makarantar sakandare, kakana na wajen uwa kuwa maharbi ne a ƙasar Wurno. Abin da zan faɗa a nan, rabinsa daga littafi na samo shi, rabinsa daga bin bayan tsohon nan a fadama ina ɗauke masa gora.

Fara da sanin abin da ake magana a kansa

Irin wannan abu na cikin bidiyon sunayensa suna da yawa, kowane da ƙasarsa. Yeti na tsaunukan Himalaya ne, wajen Nefal da Tibet da Butan. Bigfoot, wato mai ƙaton sawu, na dazuzzukan arewa maso yammacin Amurka ne da yammacin Kanada, inda kuma ake ce masa Sasquatch, sunan da aka aro daga harshen mutanen asalin yankin. A Mongoliya da tsaunukan Kokeshas ana cewa Almas, a lardin Hubei na ƙasar Sin ana cewa Yeren. Siffar da ake ba su kusan ɗaya ce: dogo, mai gashi, mai tafiya da ƙafa biyu, mai gudun mutane.

Ka raba wannan da maganar aljannu. Aljani gaibu ne, mun yi imani da shi, kuma ba a auna shi da rula. Ka raba shi da Dodon tatsuniya, wanda yara ma sun san inda yake ƙarewa, a "ƙurunƙus kan kusu". Masu maganar Yeti da Bigfoot cewa suke yi dabba ce mai jini da tsoka, tana ci, tana sha, tana haihuwa, tana mutuwa. To wanda ya ce haka ya shigo filin maharba ke nan, kuma da ma'aunin maharba za a gwada maganarsa.

Sawu

Nan zan daɗe, don a nan ake yawan yin tuntuɓe.

Kakana ba ya tsayawa kan sawu ɗaya. Idan na nuna masa wani wuri na ce ga kura, sai ya ce, "Sawu guda ba ya kai ka ga nama. Ina yaf fito, ina yan nuhwa?" Sai mu koma baya taku ashirin, mu yi gaba taku ashirin. Yana duba tazarar da ke tsakanin taku da taku, da inda dabbar ta tsaya, da inda ta karkace ta kauce wa ƙaya, da ko ta bar kashi ko gashi a jikin sarƙaƙiya. Don haka tambayarka ta farko ga duk hoton sawu ita ce: ina sauran layin?

Hoton da ya fi kowane suna shi ne wanda wani mai hawan dutse ɗan Birtaniya, Eric Shipton, ya ɗauka a 1951 a kan ƙanƙarar Menlung, kusa da iyakar Nefal da Tibet. Sawu ne mai tsawon kusan inci 13, da ƙaton babban yatsa, an ajiye gatarin hawan dutse a gefensa don a ga girmansa. Hoton yana da kyau, kuma ajiye abin awo a gefe aikin mai hankali ne. Sai dai sawun da aka ɗauka kusa da kusa guda ɗaya ne, kuma a kan dusar ƙanƙara yake. Abubuwa biyu suna faruwa da sawu a irin wannan wuri.

Na farko, rana tana narkar da gefensa ya faɗaɗa. Wannan kana iya gwada shi a tsakar gidanka, na kuma gwada da ɗalibaina. Ka sayi ƙanƙara a wurin masu sayarwa, ka sa a buhu mai tsabta ka daddaka ta da taɓarya har ta yi laushi, ka shimfiɗa a babban tire da kauri kamar tsawon yatsa. Ka sa ƙaramin yaro ya danna tafin hannunsa. Ka auna tsawo da faɗi da rula, ka rubuta. Ka fitar da tiren rana. Da irin ranarmu ta watan Afrilu ba ka buƙatar dogon jira, kafin ka sha shayi ka dawo za ka tarar yatsun sun fara haɗewa, ramin ya buɗe, hannun yaro ya koma kamar na ƙato. Tawagar Edmund Hillary, mutumin da ya fara hawa ƙololuwar Everest tare da Tenzing Norgay a 1953, ta ga irin wannan da idonta lokacin da ta je neman Yeti a 1960: sawun ƙaramar dabba a inuwa, da layin ya fita rana sai ya rikiɗe ya zama manyan ramuka.

Na biyu, akwai dabbar da ake kira beyar a tsaunukan. Ba mu da ita a ƙasar Hausa, shi ya sa ba mu san tafiyarta ba. Tana taka ƙasa da dukan tafin ƙafarta kamar mutum, tana da yatsu biyar, kuma sau da yawa ƙafar baya tana sauka a kan sawun ƙafar gaba. Sawu biyu su haɗu su ba da ɗaya mai tsawo, a ga kamar abu mai ƙafa biyu ne ya wuce. Duk wanda ya taɓa lura da yadda kyanwa take ɗora ƙafar baya a gurbin ta gaba ya gane abin da nake nufi. A watan Afrilun 2019 rundunar sojan Indiya ta wallafa hotunan wasu sawu da jami'anta suka gani kusa da dutsen Makalu, ta ce tsawonsu inci 32, faɗi inci 15, ta kira su na Yeti. Mutanen Nefal da suka san wurin suka ce beyar ce.

Sai sawun da hannun mutum ya yi. Sunan Bigfoot ya bazu ne a 1958, lokacin da wani direban katafila mai suna Jerry Crew ya ga manyan sawu a wurin aikin hanya a Bluff Creek, arewacin Kalifoniya. Ya zuba farar ƙasa a ciki ya ciro siffarsa, jaridar garin ta buga hotonsa riƙe da ita. Bayan shekara 44, a 2002, ɗan kwangilar aikin, Ray Wallace, ya rasu, sai iyalinsa suka fito da manyan ƙafafu na katako da aka sassaƙa, suka ce da su yake taka ƙasa.

Yadda za ka gane irin wannan, ka je fadamar Kwalkwalawa bayan ruwa ya ja, inda laka ta fara ɗaurewa amma ba ta tsage ba. Ka cire takalmi ka yi tafiya, ka ɗan yi gudu, ka juya da sauri. Ka dawo ka durƙusa ka duba. Babu taku biyu da suka yi daidai da juna. A wani yatsu sun ware, a wani sun matse. Dunduniya ta nutse fiye da tsakiyar ƙafa, kuma a bayan yatsu akwai ɗan tudun laka da ƙafar ta tura lokacin da take tashi. Yanzu ka sa masassaƙi ya yi maka ƙafar katako, ka ɗaura ka taka. Za ka ga kowane taku kamar an buga hatimi, ƙasansa a shafe, zurfinsa ɗaya daga gaba har baya. Ƙafa mai rai tana lanƙwasa, katako ba ya yi. Da na kai ɗan ƙanwata ya ga wannan bambanci, ya fi minti goma a tsugune bai ce komai ba.

Gashi, fata da ƙashi

Idan aka ce ga gashinsa ko ga fatarsa, to an zo wuri mai sauƙi, domin yanzu akwai gwajin ƙwayoyin halitta da yake faɗin dabbar da abu ya fito daga jikinta. Tambayarka uku ce: wa ya gwada, a ina, me ya samu?

An yi gwaje-gwajen, kuma ba a ɓoye sakamakon ba. A ƙauyen Khumjung na Nefal akwai wata fatar kai mai tsini da ake ajiye da ita a wurin ibadar mabiya addinin Buda, ana cewa ta Yeti ce. Hillary ya are ta a 1960 ya kai wa masana a Turai da Amurka, tare da dattijon ƙauyen da ya raka ta don ya tabbatar an maido. Suka ce an yi ta ne da fatar wata dabba mai kama da akuyar daji. A ƙauyen Pangboche, shi ma a Nefal, akwai wani busasshen hannu da aka ce na Yeti ne, an cire yatsa ɗaya daga jikinsa an fitar da shi ƙasar a 1959, da aka gwada shi a Edinbara a 2011 sai ya zama na ɗan Adam ne. Hukumar FBI ta Amurka ta karɓi wasu gasu da ake zaton na Bigfoot ne a 1976 ta duba, ta ce na dangin barewa ne.

Bincike biyu ne suka fi girma. A 2014 Farfesa Bryan Sykes na Jami'ar Oksfod ya fitar da sakamakon gwajin gashi 30 da mutane suka aiko daga sassan duniya: beyar, doki, saniya, dangin kare, beguwa, har da na mutum. A 2017 Charlotte Lindqvist ta Jami'ar Buffalo ta gwada abubuwa tara da aka ce na Yeti ne, ƙashi da haƙori da fata da gashi da kashi. Takwas na beyar ne, ɗaya na kare. Abin da ya burge ni a aikinta, ba ta tashi a tutar babu ba, domin samfuran sun taimaka wajen fahimtar asalin beyar mai launin ƙasa ta Himalaya, wadda ita kanta ta yi ƙaranci ƙwarai.

Idan kuwa aka ce an kama gawarsa, ka jira kwana uku kafin ka tura wa kowa. A 2008 wasu mutum biyu a jihar Jojiya ta Amurka sun kira 'yan jarida sun ce gawar tana cikin firji. Da ƙanƙarar ta narke, rigar roba ce.

Hoto da bidiyo

Bidiyon da yaron ya kawo mini, Roger Patterson da Bob Gimlin ne suka ɗauke shi ranar 20 ga Oktoba 1967, a wannan Bluff Creek ɗin dai. Bai cika minti ɗaya sosai ba. Patterson ya riga ya wallafa littafi a kan dabbar shekara guda kafin nan, kuma nemanta ya fita yi da kyamarar haya. A 2004 wani mai suna Bob Heironimus ya ce shi ne a cikin riga, Gimlin kuwa ya tsaya a kan cewa abin da ya gani dabba ce. Har yau ana ja a kai. Abin da babu ja a cikinsa shi ne ba makon jiya aka ɗauka ba, kuma wanda ya ɗora murya ya rantse a kan abin da bai sani ba.

Ga yadda nake yi. Ka tsayar da bidiyon a inda abin ya fi fitowa, ka ɗauki hoton fuskar wayar, ka sa shi a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet. Sau da yawa nan take za ka ga shekarar da ya fara yawo. Sannan ka nemi abin da ka san girmansa a cikin hoton, mutum ko mota ko ƙofa, domin in babu abin kwatance, biri ma yana iya zama ƙato. Ka tambayi kanka me ya sa bidiyon ya yanke daidai lokacin da ya kamata mai ɗauka ya matsa kusa. Yanzu kuma da ake ƙirƙirar bidiyo da kwamfuta, ka lura da yatsu da inuwa, da ko ciyawa tana kwanciya a inda ƙafa ta taka.

Wata lura tawa ce. Yau mai kiwon awaki a Dundaye yana da waya mai kyamara a aljihu, haka ma masu yawon daji a Amurka. Hotunan kowace dabba da aka sani sun ƙaru sun kuma ƙara fitowa sarai. Na Bigfoot suna nan dishi-dishi kamar an ɗauka cikin hazon hunturu.

Ina sauran danginsa?

Dabba ba ta rayuwa ita kaɗai shekara ɗaruruwa. Dole akwai uwa da uba da 'ya'ya, dole su kai yawan da zuri'a ba za ta yanke ba. Masu wannan girma kuwa za su ci abinci mai yawa, su bar kashi, su bar makwanci, wani ya tsufa ya mutu a bar ƙashinsa, wani mota ta buge shi a hanya.

Misalin da nake ba ɗalibai na ƙasarmu ne. Goggon birin Kuros Riba, wanda yake zaune a duwatsun Afi da Mbe da tsallaken iyakar Kamaru, bai wuce kimanin 300 ba a duniya baki ɗaya, kuma yana gudun mutum matuƙa. Duk da haka masu gadin daji suna ƙirga sheƙar da yake yi ta kwana, suna tattara kashinsa a gwada, kuma a 2020 aka fitar da hotunan da kyamarorin da ake ɗaurewa a jikin itace suka ɗauka a duwatsun Mbe, ga iyaye ga 'ya'ya a goye. Dabba 300 a cikin ƙungurmin daji ta kasa ɓoye kanta. Irin waɗannan kyamarori suna nan birjik a dazuzzukan Amurka da Kanada.

Za a ce maka ai goggon birin kan dutse ma sai a 1902 Turawa suka tabbatar da shi, ga kuma okapi na Kwango, dangin raƙumin dawa, a 1901. Haka ne, kuma ina son wannan hujja, don tana hana mutum girman kai. Amma ka duba yadda aka tabbatar da su: fata aka kawo, da ƙoƙon kai, da ƙashi. Za a kuma ambata maka Gigantopithecus, wani ƙaton biri da ya taɓa rayuwa a kudancin Sin. Shi gaskiya ne. Wani masani, von Koenigswald, ya tsinci haƙorinsa a shagon mai maganin gargajiya a Hong Kong a 1935, daga baya aka samu haƙora kusan 2,000 da muƙamuƙai huɗu. Ya ƙare fiye da shekara 200,000 da suka wuce, amma haƙoransa suna hannu. Wanda aka ce yana yawo a yau, ko haƙori ɗaya babu.

Kada ka raina wanda ya ce ya gani

Wannan ya fi damuna fiye da duk abin da ya gabata. Yawancin masu cewa sun gani ba maƙaryata ba ne. Na taɓa dawowa daga Kware da almuru cikin hazo, na ga mutum tsaye a bakin hanya ya ɗaga hannu, sai da na matso na ga kututturen itace ne. Gabana ya faɗi da gaske. Reinhold Messner, ɗaya daga cikin manyan masu hawan dutse na duniya, ya ga wani abu a tsaye da dare a Tibet a 1986, ya tsorata, ya shafe shekaru yana komawa yana tambayar mazauna wurin, har ya gamsu cewa beyar ce, wadda takan miƙe a kan ƙafa biyu. Ga mutanen tsaunin kuma Yeti wani yanki ne na al'adarsu da labaran kakanninsu. Baƙi ne suka mai da shi abin farauta, har a ƙarshen shekarun 1950 gwamnatin Nefal ta sa kuɗin lasisi na rufi 5,000 ga mai son nemansa, da sharaɗin kada a kashe shi sai don kare kai.

Akwai kuma labarin da ba na iya ba ɗalibai shi ba tare da murya ta canza ba. A ƙarni na 19, a Abkaziya da ke gaɓar Baƙin Teku, an kama wata halitta a daji, mai duhun fata, an ce jikinta duk gashi. Aka sa mata suna Zana, aka tsare ta a shinge kamar dabba, aka sa ta aikin wahala, ta haifi 'ya'ya da mazan ƙauyen, ta rasu wajen 1890. Shekara da shekaru masu neman Almas suna kafa hujja da ita. Da aka gwada ƙwayoyin halittarta da na ɗanta, sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna mace ce 'yar Adam kamar uwata da taka, kuma asalinta daga gabashin Afirka yake. Ana kyautata zaton tana cikin zuri'ar bayin da aka kai yankin a zamanin daular Turkawa. Tun da na karanta wannan, duk lokacin da na ji an ce an kama "wani abu mai kama da mutum", abin da nake fara tambaya shi ne ko mutum ne, ko mai taɓin hankali ne da ya ɓace wa danginsa.

Idan babba ne ya turo maka bidiyon, kada ka ba shi kunya a cikin taron WhatsApp. Ka same shi shi kaɗai, ka gaishe shi, ka ce, "Baba, na bincika abin nan, ashe tun 1967 aka ɗauke shi," ka nuna masa a wayarka. Allah Ya umarce mu a Suratul Hujurat da mu nemi bayani idan labari ya zo mana, kuma dattawanmu sun fi mu sanin ayar.

Ɗan ƙanwata yanzu yana da littafi mai bango ja da yake zana sawu a ciki, da kwanan wata da wurin da ya gani da awon kowane. Ya zuwa makon jiya yana da na jaki, da na kare, da na guza, da na belbela, da wani guda daga bakin gulbin Rima mai yatsu biyar da jan wutsiya a tsakani, wanda muka shirya komawa ranar Asabar da sassafe mu bi layinsa kafin shanu su tattake wurin.